Kananzir Ɗin Gidan Jego

A shekarar da aka yi wahalar kananzir, bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo gari kowa ya ɗimauce, Ƙasimu ne kaɗai a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi yake aikin da ba wanda ya gane kansa. A daffon mai yake, can bayan layin dogo, a wani ɗaki da suke kira ɗakin gwaji. In ka tambaye shi abin da yake yi, sai ya ce wuta yake nuna wa kananzir ya ga ko zai kama. Mutanen unguwa suka ce to, ai wannan ko matar gida ta iya, shi ne har da albashi? Shi kuwa ba ya ja da kowa, murmushi zai yi ya hau kekensa.

Gaskiya kuwa yake faɗa. Akwai wani ɗan kofi na tagulla mai murfi, a zaune cikin tukunyar ruwan ɗumi, da ma'aunin zafi a soke a tsakiya. Zai zuba kananzir a kofin ya rufe, ya bar shi yana ɗumama a hankali. Duk sa'ad da ma'aunin ya ɗan hau, sai ya ja wani ɗan ƙarfe, murfin ya buɗe kaɗan, wata 'yar wuta da ba ta fi ƙwayar dawa ba ta leƙa ciki. In tururin da ke saman man ya yi fat ya kama, sai ya dubi ma'auni ya ga inda aka tsaya. Kananzir na ƙwarai ba ya kamawa sai ya haura digiri ɗari a ma'aunin nasu, wato sai ya fi jikin mai zazzaɓi zafi. Shi ya sa mace take iya zuba shi a aci-bal-bal ta kunna ta yi hirarta lafiya. Wanda ya kama tun yana da sanyi kuwa, ba a yarda ya fita daga daffo.

A makon da nake ba ku labari, matarsa Rabi ta haihu, haihuwar fari, ɗa namiji. Tana gidan iyayenta a Tarauni inda ta je goyon ciki, uwarta Inna Kulu tana yi mata wankan jego. Ƙasimu ya bi ya ɗaure fuska yadda ake so uban ɗan fari ya yi, in an ce masa barka sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya raya. Amma mu da muke katanga ɗaya muna jin sa da safe yana goge keke yana 'yan waƙe-waƙe, mutumin da ko ranar bikinsa bai buɗe baki ba.

Sai ku san wani abu game da daffon nan. Tanka ɗaya ce take ɗaukar fetur yau, gobe ta ɗauki kananzir. Kafin a yi mata lodin kananzir, sai a zuba kaɗan a ɗauraye cikinta, a tsiyaye a duro. A ƙa'ida zubar da wannan ɗauraya ake yi. A zahiri kuwa rabon direba ne, kowa ya sani, manya ma sun sani suna kawar da kai. Ɗan fetur ɗin da yake fitowa a ciki bai taka kara ya karya ba, shekara da shekaru ana kunna fitila da shi ba a taɓa jin komai ba.

Ran nan da hantsi Mista Matthias, shugaban ɗakin gwajin, ya shigo da kwalba a hannu. Mutumin kudu ne, amma a Sabon Gari ya girma, Hausa a bakinsa ba gargada. Ba shi da fara'a dama, amma ran nan fuskar tasa ta fi ta kullum.

"Ƙasimu, ajiye abin da kake yi," in ji shi. "Gidan man da aka kai wa fetur jiya sun aiko, wai mansu bai cika ba. An duba motar, bawul ɗin fitar mai ne ya cije, fetur mai yawa ya kwana a gindinta. Kuma da asuba an ɗauraye ta. Ga abin da ya rage a bokiti."

Ƙasimu ya tsoma kwalbar a ƙanƙara tukuna, don zafin Kano kaɗai ya isa ya ɓata gwaji. Da ta yi sanyi ƙalau ya cika kofin zuwa layinsa, ya rufe, ya kunna 'yar wutar. Ko ruwan ɗumin bai kai ga zubawa ba, ya ce bari dai ya fara gani. Yana jan ƙarfen, fat! Shuɗiyar wuta ta zagaye bakin kofin ta mutu. Ya zubar, ya wanke, ya sake sabo. Nan ma jan farko ya kama.

"Ko a cikin ƙanƙara kamawa yake yi, Oga."

"Na gani."

Dukansu sun san ma'anar wannan. In aka zuba irin wannan man a gwangwanin fitila, tururi ne zai cika samansa. Ashana na zuwa, wutar ba a lagwani za ta tsaya ba, ciki za ta bi, gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa duk wanda yake kusa mai yana ci.

"Motar wa ce?" in ji Ƙasimu.

Mista Matthias ya dube shi kafin ya amsa. "Ta yayanka Tanko ce. Ya tafi da duron gida."

Aka ba shi a-kori-kurar kamfani da leburori biyu, ya jefa kekensa a baya, suka nufi Gyaɗi-Gyaɗi. Tanko yana ƙofar gida a kan benci, ya tuɓe riga, yana sakace. Ƙaton mutum ne mai son a san ya yi alheri, irin wanda in ya ba ka goro sai layi duka ya ji. Duron yana soro. Ƙasimu ya girgiza shi ya ji da nauyinsa, ya ce alhamdu lillahi a bayyane.

"Yaya, ka ba wani daga ciki?"

"Ban sayar da ko kwalba ba. Sai gobe masu sari za su zo." Tanko ya gyara zama yana murmushi. "Amma na fitar da kai kunya. Kai boko ya cika maka kai, matarka tana jego a gidan mutane, ana wannan wahala, ba ka aika musu ko na fitila ba. Na cika galan guda na biya ta Tarauni da sassafe, na ce in ji ka."

Ƙasimu ya koma kan duron da sauri. Ya buɗe bakin duron ya ce, "Yaya, zo ka shinshina."

Tanko ya taso yana mita, wai shi da ya shekara nawa yana kwana da mai za a koya masa wari. Ya kai hanci. Murmushin ya tafi. Ya sake kai hanci, ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tashi mu je tare," in ji Ƙasimu. "Kai ka kai, kai za su fi saurara."

"Ni? In koma gidan surukai in ce a ba ni kyautar da na kawo da safe? Ka yanka ni ya fi sauƙi."

"Rai ne fa, Yaya!"

Amma leburorin sun riga sun ɗora duro a mota, direban a-kori-kurar kuma ya ce manaja ya ce a taho da Tanko yanzu-yanzu. Ni dai na ga fuskar Tanko a lokacin, kuma wallahi sauƙi na gani a cikinta. Ya gwammace ya je a kore shi daga aiki da ya je ya tsaya a gaban surukar ƙaninsa. Ya sa riga ya haye mota, Ƙasimu ya hau keke shi kaɗai.

Tarauni a lokacin ba ta wuce ƙauye ba, gidajen ƙasa ne da gonaki a tsakani, ba lantarki. Tun da mahaifin Rabi ya rasu, wansa Baba Haruna ne babba a gidan. Tsoho ne mai ɗinkin hula, kullum yana soro a kan buzu, kuma ba abin da zai shiga gidan ko ya fita sai ta bakinsa. Ƙasimu ya jingine keke, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

Sai aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya aiki, ya mutanen gida, ya Tanko ya koma lafiya, ai mun ga saƙo, Allah ya yi albarka, Allah ya bar zumunci. Ƙasimu yana ta amsawa. Daga ciki yana jiyo muryoyin mata 'yan barka da ƙarar taɓarya, da hayaƙin itacen jego yana fitowa ta saman katanga. Da ya ga tsohon zai koma kan labarin damina, sai ya katse shi.

"Baba, a gafarce ni. Kan saƙon nan ne na zo. Man nan ba shi da kyau. Fetur ne ya gauraya a ciki. In aka kunna fitila da shi fashewa za ta yi. A taimaka a fito da shi duka, wanda aka zuba a fitila ma a juye."

Baba Haruna ya soke allura a hular ya ajiye. Ya ɗago ya dube shi.

"Wato a fito maka da shi."

"Ba don ni ba, Baba. Don mai jego da yaron."

"To."

Tsohon ya miƙe da ƙyar ya shiga ciki. Soron ba shi da nisa da tsakar gida, Ƙasimu ya ji abin da ya faɗa sarai: "Kulu, mijin yarinyar nan ne ya zo. Wai kananzir ɗin safe na kamfani ne, an ce a mayar."

Taɓarya ta tsaya. Hirar mata ta ɗauke ɗif.

Ƙasimu, wanda tun da ya auri Rabi bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, ya miƙe tsaye ya ce da ƙarfi, "Inna, ba haka ba ne! Fetur ne a ciki! Don Allah kada a kunna shi!" Ya taka har bakin ƙofar ciki. Nan ya yi karo da Baba Haruna yana fitowa, tsohon ya tokare ƙofar da hannu.

"Ina za ka? Matan mutane ne a tsakar gida, yarinya ko tufa ba ta gama sawa ba. A gidanku haka ake yi? Koma ka zauna. An ji ka, har maƙwabta sun ji ka. Za a kawo maka kayanka."

"Baba, ba kayana nake nema ba. In an zuba a wani abu..."

"An ce maka ba a taɓa ba."

Mai karatu zai ce don me bai ture tsohon ya shiga ba. Ni ma na faɗi haka daga baya, har da buga ƙafa. Amma wanda ya faɗi haka bai taɓa durƙusawa a soron surukai ba. Kuma ku dubi yadda maganar ta faɗa kunnen mutanen ciki. Gari ana layin kananzir tun asuba, mutum yana aiki a daffo, ya aiko da galan da safe, da rana ya zo da kansa yana cewa a mayar. Kowace mace a tsakar gidan nan ta riga ta yanke hukunci: rowa ce ta motsa, ko an kama shi ya ɗauko na kamfani, zancen fetur kuwa mayafi ne kawai. Inna Kulu mace ce mai riƙe girmanta, wadda ko gishiri ta ara sai ta mayar da tozo. A gaban 'yan barka aka yi mata wannan.

Ƙasimu ya koma ya zauna. Baba Haruna ya ɗauki ɗinkinsa ya ci gaba. Aka daɗe. Wata mata ta fito a lulluɓe, da wani abu a ƙarƙashin mayafi, ta raɓa ta gefensu ta fita. Can ta dawo, abin ya yi mata nauyi har tana karkacewa, ta shige. Ƙasimu ya gan ta, amma gidan haihuwa ne, mata shiga suke yi suna fita da kwanuka, hankalinsa kuma yana kan ƙofa. Aka kira la'asar, suka yi salla a ƙofar gida, tsohon a gaba shi a baya.

Suna idarwa ungozomar gidan, wata tsohuwa mai suna Asabe, ta fito da galan ɗin ta dire a gabansa.

"Mai jego ta ce a gaishe ka," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba. "Uwar ɗiya kuma ta ce ta gode, Allah ya ƙara buɗi. Ga shi nan yadda aka kawo shi, ba ta taɓa ko ɗigo ba."

Ya buɗe murfin. A cike yake har wuya. Ya kai hanci bakin galan ɗin, warin fetur ya doke shi. Sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, har idonsa ya kawo ruwa. Kunya kam ya sha ta, ya san wannan magana za ta bi shi har tsufansa, za a riƙa cewa ai shi ne wanda ya zo ya karɓe kananzir ɗin jego. To, a faɗa. Ya yi godiya, ba wanda ya amsa. Ya ɗaure galan a bayan keke da roba ya kama hanyar daffo, yana tafe yana tsara yadda zai samo musu mai kyau galan biyu ya kawo kafin suna, ko Inna za ta huce.

Ko da ya isa, ma'aikata suna ta fita, an rufe wajen lodi, a-kori-kurar ma direbanta ya tafi da ita. Mista Matthias ne kaɗai a ɗakin gwaji yana jiran sa.

"Ka samo?"

"Ga shi, Oga. A cike. Ba su taɓa ba."

"Mun gode wa Allah. Gwada shi mu rufe maganar, in faɗa wa manaja duk ya dawo."

Ƙasimu ya gaji, amma hannunsa ya san aikin. Ya ɗiba, ya sanyaya a ƙanƙara, ya cika kofi, ya rufe, ya kunna 'yar wutar. Ya ɗan janye fuska baya, don ya san abin da zai faru, ya ja ƙarfen.

Wutar ta leƙa ta dawo. Ba abin da ya kama.

Ya ce ko sanyin ya yi yawa. Ya zuba ruwan ɗumi a tukunya ya zauna yana kallon ma'auni yana hawa a hankali, don gwajin nan ba a yi masa gaggawa. Ya ja. Shiru. Ma'aunin ya wuce inda na safe ya kama, ya wuce da nisa. Ya ja. Shiru. Mista Matthias ya taso daga kujerarsa ya tsaya a bayansa. Ƙasimu bai ɗauke ido daga kofin ba. Tun da ya fara aikin nan addu'arsa kullum kada mai ya kama da wuri, yau ga shi yana roƙon Allah a zuci, kama, don Allah kama. Ma'aunin ya zo digiri ɗari ya haura. Sai can sama, inda kananzir na ƙwarai yake kamawa, aka ji ɗan fat.

"Wannan lafiyayye ne," in ji Mista Matthias a hankali. "Warin da ka ji na jikin galan ne. Wannan ba man safe ba ne, Ƙasimu."

Hankalin Ƙasimu ya koma soron Tarauni. Matar nan mai mayafi yake gani, ta fita da abu mara nauyi ta dawo tana karkacewa. Yanzu ya gane komai. Tun da safe Inna Kulu ta juye galan ɗin a garwarta, ta cika fitilunta, ta ba wa wadda za ta ba. Da aka zo aka ce ta mayar, ba za ta tsaya a gaban mata tana tatsar fitilu tana haɗa ɗigo-ɗigo ba, ba kuma za ta miƙo galan da giɓi a ce sun cinye ba. Sai ta aika aka aro mata mai kyau a maƙwabta, ta cika masa har wuya. Mai kyaun ya ɗauko ya yi ta fama da shi a keke har daffo.

"To ina wancan?" in ji Mista Matthias, ko da yake shi ma ya sani.

"Yana fitilarsu."

Dukansu suka juya ga taga. Rana ta yi ja, ta sauka bayan tankunan ajiya. Mista Matthias ya ruga ofis ya ɗaga waya, ya tsaya da ita a hannu, don Tarauni duka ba gidan da yake da waya, ba kuma wanda zai kira. Kafin ya ajiye ta Ƙasimu ya riga ya fita daga ƙofar daffo.

Bai yi nisa ba ya tarar an sauke ƙarfen mahaɗar jirgi. Jirgin kaya ne, dogo, yana jan taragu kamar ba ya so. Masu keke da masu babur sun yi cirko-cirko suna hira. Ƙasimu ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Ya roƙi wani mai Besfa ya kai shi Tarauni, mutumin ya ce mansa ba zai kai ba, shi ma lallaɓawa yake yi. Ƙasimu ya tsaya yana dukan sirdi da tafin hannu, wani dattijo a gefe yana ce masa, "Samari, yi haƙuri mana, ai zai wuce."

Da aka ɗaga ƙarfen ya taka keken nan kamar zai karya shi. Bai kai rabin hanya ba aka fara kiran magariba, wannan masallaci ya ɗauka wancan ya amsa. A bakin titi masu shayi da masu tsire da mata masu ƙosai suka fara fito da fitilunsu. Yana wucewa yana ganin hannuwa suna ƙyasta ashana, suna kare ta daga iska, suna kai ta bakin lagwani, kamar yadda ake yi kullum ba wanda yake tunani.  Ya yi ta faɗa wa kansa cewa wataƙila Rabi ta ji muryarsa ɗazu, ita ta san ba ya ƙarya a kan aikinsa, wataƙila ta hana. Amma ya san matsayin mai jegon fari a ɗakin uwarta. Ba ta da bakin da za ta ce mijina ya ce, a gaban mata, ranar da mijin ya kunyata gidan. Ya wuce Gyaɗi-Gyaɗi, ya wuce bakin layinmu, mun gan shi mun kira shi bai waiwayo ba. Kuka yake yi a kan keke, baki buɗe, kamar ƙaramin yaro.

Tun daga bakin gonaki ya hango mutane a ƙofar gidan. Maza ne da bokitai da kwanukan yashi, wasu ko sallar ba su idar ba suka taho. Ya saki keken ya faɗi. Soro ba kowa, buzun Baba Haruna a tattake. Ya shige ciki kai tsaye.

An kashe wutar. Ƙofar ɗakin jego ta yi baƙi, labulen ya cinye saura guntu, tsakar gida duk ruwa da yashi, ga warin nan da ya sani tun safe. Inna Kulu tana zaune a ƙasa dirshan, ba ɗankwali, ta miƙe hannuwanta biyu a gaba, fatarsu ta saɓule. Wata tana zuba musu ruwa. Ba kuka take yi ba, magana take yi ita kaɗai.

"Cewa na yi ba zan mayar masa da galan da giɓi ba, a ce mun cinye. Shi ke nan abin da na ce. Ni na kai fitilar ɗakin da kaina."

Sai ga mata huɗu sun fito daga wani ɗaki ɗauke da tabarma. Rabi ce a kai, a kife, an yafa mata jiƙaƙƙen zane. Tana wani irin nishi ƙasa-ƙasa. Ƙasimu ya nufe ta, ya kira sunanta, ya miƙa hannu ya rasa inda zai taɓa.

"Kauce, kauce!" in ji Asabe ungozoma. "An samo mota. Kifewa ta yi a kan yaron, bayanta duk ya tafi." Jaririn yana kafaɗarta a naɗe, yana tsala kuka, ko ƙwarzane bai yi ba. Ta ga ɗaya daga cikin matan tana neman sakin tabarmar, sai ta juya ta danna wa Ƙasimu jaririn a ƙirji. "Riƙe nan."

"Za ta tashi? Inna Asabe, za ta tashi?"

Tsohuwar ta kama bakin tabarma. Suka fita da ita ta soro, maza suna darewa, wasu suka kama Inna Kulu suka bi bayansu. A-kori-kura ce ta wani maƙwabci, ta cika da mata kafin Ƙasimu ya kai ƙofa, ta tashi.

Rabi ba ta ga ranar suna ba, amma wannan sai daga baya. A lokacin dai Ƙasimu yana tsaye a ƙofar gidan, duhu yana shigowa, ba wanda ya yi ƙarfin halin kunna fitila a layin gaba ɗaya. Mutane suna ta ce masa sannu, Allah ya kiyaye gaba, suna zamewa ɗaya-ɗaya. Yaron ya gaji da kuka ya yi shiru. Ya fara juya kai, baki buɗe, yana neman nono a ƙirjin ubansa.